Wa ke yanke farashin kayan gyaran motocin soja?

Duk lokacin da aka taso da zancen kuɗin tsaro a fada ko a bakin kasuwa a nan Maraɗi, hankalin mutane yakan tafi ga manyan kaya: jirgin yaƙi, jirgi marar matuƙi, motar sulke, manyan bindigogi. Su ake nunawa a talabijin ranar da suka iso, su kuma ake jerawa a gaban manyan baƙi ranar fareti. Ba a nuna taya da batir da filtar mai da famfon gazuwal da takalmin birki, alhali idan waɗannan suka yanke, motar da aka saya da miliyoyin sefa ba za ta daɗe tana aiki ba, sai a same ta a bayan bariki an ɗora ta a kan duwatsu, ana kwance kayanta ana ɗaura wa wata. Maganata a kan waɗannan ƙananan kaya ɗaya ce: bai kamata hukuma ta tambayi ɗan kwangila nawa zai sayar mata da kayan gyara ba, sai ta riga ta san, a rubuce, nawa kayan ya kamata su tsaya mata, ta kuma san jami'in da ya yi lissafin ya sa hannu. A kan wannan takarda ta ƙiyasin farashi, wadda ake rubutawa kafin a kira kowa, ake tsare dukiyar ƙasa ko a sake ta, tun kafin magana ta kai ga mai bincike ko alƙali.

Mu a wannan jaha ba daga nesa muke jin labarin ba. Shekaru ke nan ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, da garuruwan da ke bin iyakar Najeriya irin su Gabi da Ɗan Isa, suna fama da ƴan bindiga masu kore shanu da sace mutane don karɓar kuɗin fansa, abin da ya sa aka kafa rundunar Farautar Bushiya. Da dare suke zuwa, su yi ɓarnarsu, su faɗa daji ko su tsallake iyaka kafin gari ya waye. Idan maigari ya buga waya, a cim musu ko a iske sun yi nisa ya rataya ne a kan motar da ke sansani mafi kusa: ko za ta tashi a bugu ɗaya, ko tayoyinta za su jure rairayi da kututture, ko birkinta zai kama. Motar sintiri a ƙasarmu tana cin kayan gyara fiye da yadda littafin kamfani ya tsara, domin ƙurar hunturu tana toshe filta, zafin bazara yana kashe batir, laka da ruwan gulbi kuma suna cinye abin da ya rage da damina. Saboda haka duk kuɗin da aka ƙara a kan taya ba bisa ƙa'ida ba, tayoyi ne aka rage daga cikin waɗanda za su isa wannan sansani.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Hukumar da ke binciken kashe kuɗin gwamnatin Amurka ta sha bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da babban makami yake ci a tsawon rayuwarsa yana tafiya ne wajen aiki da shi da kula da shi. Wato ranar da aka sayi jirgi ƙaramin kason aka biya, babban yana gaba, kuma a hankali za a yi ta biyansa shekara bayan shekara. Kayan rundunarmu daga gidaje daban-daban suka fito: akwai jirgin dakon kaya C-130 na Amurka, akwai jirgin yaƙi Su-25 da jirage masu saukar ungulu samfurin Mi waɗanda asalinsu na Rasha ne, akwai jirgi marar matuƙi Bayraktar TB2 na Turkiyya, ga motocin sulke daga wurare da dama, ga ɗimbin Toyota Land Cruiser da su ne ƙafafun sojan ƙasa. Kowanne da kasuwarsa, da kuɗin ƙasar da ake biyansa da shi, da harshen da aka rubuta littafinsa. Babban kaya sau ɗaya ake sayensa kuma idon kowa yana kai. Kayan gyara kuwa layuka ne masu yawa a cikin takardu, kowane layi da doguwar lambarsa, kuma kaɗan ne suke da haƙurin bin su ɗaya bayan ɗaya. Mai son ya ci kuɗin jama'a ya fi samun kwanciyar hankali a cikin irin waɗannan layuka.

Mun riga mun ga abin da rashin ƙiyasi yake haifarwa. A watan Fabrairun 2020, ƙasa tana cikin makokin sojoji 71 da aka kashe a Inates ranar 10 ga Disamban 2019 da wasu 89 da aka kashe a Shinagodar ranar 9 ga Janairun 2020, sai labarin binciken da aka gudanar a ma'aikatar tsaro zamanin minista Isufu Katambe ya fito fili. Rahoton farko ya ce kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta, wajen miliyar 48 ta hanyar ƙarin farashi, sauran kuma na kayan da aka biya kuɗinsu ba a kawo ba. Bayan an saurari ƴan kwangila sun kawo nasu hujjojin, mai gabatar da ƙara ya sanar a watan Yunin 2020 cewa ƙarin farashin ya dawo kimanin miliyar 12, kayan da ba a kawo ba kuma sama da miliyar 18. An yi ta muhawara a kai, wasu suna cewa an rufa wa manya asiri, wasu suna cewa masu binciken farko ne suka zuzuta lamarin. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar kanta. Idan har lissafin ƙarin farashi zai iya saukowa daga 48 zuwa 12 cikin ƴan watanni, to a ganina babu wani ma'auni da aka ajiye tun farko wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Da a ce kowace kwangila tana ɗauke da takardar ƙiyasi mai kwanan wata, wadda aka rubuta kafin a yi ciniki, da aikin mai bincike bai wuce ya ɗora takarda kusa da takarda ba, kuma da babu ɗan kwangilar da zai zo bayan shekaru ya sake gina farashi da baki.

Duk wanda ya taɓa raka bakanike layin masu kayan mota a garin nan ya san cewa kayan gyara ba su da farashi ɗaya. Ka miƙa tsohon famfon mai ka ce irinsa kake so, mai shago zai juya shi ya goge maiƙon da ɗan yatsa ya karanta lambar da ke jikinsa, sannan ya ce, "Alhaji, na kamfani kake so, ko ɗan Dubai, ko na gwanjo?" Zai ɗauko uku ya jera maka a kan tebur, a ido kusan ɗaya suke, wani lokaci har kwalin iri ɗaya ne, amma tsakanin kuɗin na farko da na ƙarshe akwai tafiya mai nisa. Bakanike ba ya tsayawa a kan bakin mai shago. Yakan ɗaga kayan ya ji nauyinsa, ya duba yadda aka buga lambar, ya tambaya ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka shigo da shi ko ta Lome, domin ya san yadda naira take a ranar kuma ya san abin da hanya take ci. Shi ya sa ake zuwa da shi. Mai motar da ya zo shi kaɗai abin da aka faɗa masa shi zai biya, kuma ba lalle ne na kamfanin da ya biya shi aka ba shi ba. Hukumar da ta zauna da ɗan kwangila babu ƙiyasinta a hannu ita ce wannan mai mota, sai dai ita da kuɗin jama'a ta zo, kuma wanda zai hau motar ya shiga daji ba ya wurin cinikin.

Adalci ne a faɗi cewa tsadar kayan soja ba kullum sata ba ce. Ƙaramin ƙarfen da za a ɗaura a injin jirgi dole ya zo da takardun da ke nuna inda aka ƙera shi, da wanda ya gwada shi, da hannuwan da ya bi, kuma wannan shaida kuɗi ce. Wani kayan kamfani ɗaya ne yake yinsa a duniya. Wani kuma na tsohon samfuri ne da aka daina ƙerawa, sai an sake haɗa na'ura domin guda goma kacal, kuma kuɗin haɗa na'urar a kan goman nan zai rabu. Tun 2022 takunkumin da ƙasashen Turai da Amurka suka ɗora wa Rasha ya sa biyan kuɗi da jigilar kayan da suka fito daga can suna bin hanyoyi masu tsawo. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome suke shigowa su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, kamiyo yana kwana da kwanaki yana jiran ayari. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, amma dalar Amurka da lirar Turkiyya da naira kullum motsi suke yi. Duk waɗannan kuɗaɗe ne na gaskiya, kuma wanda ya ce a sayar wa soja kaya a Yamai a kan farashin bakin masana'anta bai san kasuwanci ba. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu yana da adadi, ana iya rubuta shi a layinsa, ana iya neman takardar shaidarsa. Ɗan kasuwa na gaskiya ba ya jin haushi idan aka ce ya rarraba farashinsa, domin da ma haka ya lissafa shi kafin ya faɗa.

Matsalar ba ta ƙasashen talakawa kaɗai ba ce. A shekarun 1980 jaridun Amurka sun cika da labarin gudumar da sojansu suka saya a kan dalar Amurka 435 da murfin masai na jirgi a kan 640. Daga baya masana lissafi sun nuna cewa wani ɓangare na kuɗin gudumar ya samo asali ne daga yadda aka raba kuɗin hidimar kwangilar gaba ɗaya a kan kayan daidai wa daida, babba da ƙarami, sai guduma ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Wannan ma darasi ne, domin lissafin da aka cuɗe yana ɓoye ɓarawo kuma yana ɓata sunan mai gaskiya. A 2019 babban sufeton ma'aikatar tsaron Amurka ya ɗauki kayan gyara iri 47 da aka saya daga kamfanin TransDigm, ya gano riba fiye da kima a kan 46 daga ciki, jimillar dala miliyan 16.1, har akwai wanda ribarsa ta haura kashi 4,000 cikin 100. Kamfanin shi kaɗai yake ƙera yawancin kayan, kuma sau da dama da jami'ai suka nemi ya nuna abin da ya kashe wajen ƙerawa ya ƙi. Bayan zaman da majalisar dokokinsu ta yi a kan lamarin, kamfanin ya amince ya mayar da kuɗin. A 2024 ofishin sufeton ya sake gano cewa an sayi mazubin sabulun wanke hannu na jirgin C-17 daga kamfanin Boeing a kan kusan ninki 80 na kuɗin irinsa a kasuwa. Idan ana yi wa ƙasa mai dubban ma'aikatan saye haka, balle mu. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda aka kama: akwai lambar kowane kaya, akwai tarihin sayensa, akwai ofishin da yake da ikon buɗe fayil ya kuma fitar da sakamako.

To yaya ake yin ƙiyasin da za a dogara da shi? Matakin farko shi ne a san ainihin kayan da ake nufi. Ƙasashen ƙungiyar NATO suna ba kowane kaya lamba mai alƙaluma 13, tun daga ƙusa har zuwa inji, yadda duk sunan da mai sayarwa ya kira shi da shi, lambar ɗaya ce. Ba dole ne mu ɗauki tsarinsu ba, amma dole mu sami namu kundin, inda filtar mai ta Land Cruiser take da lamba ɗaya ko a Difa aka saye ta ko a Tilaberi ko a nan Maraɗi. Idan babu wannan, kaya ɗaya zai shigo da suna uku da farashi uku, kuma babu kwamfutar da za ta gane cewa abu ɗaya ne. Bayan haka sai a raba kayan gida biyu, domin ba hanya ɗaya ake bi da su ba.

Gida na farko shi ne kayan da farar hula ma suke saye: tayoyi, batura, baƙin mai, filtoci, kayan birki, fitilu. Waɗannan su ne suka fi yawa kuma su ne suka fi sauƙi. Kamfanonin da ke ƙera su suna da kundin farashi, dillalansu suna nan a Yamai da Lome da Dubai, kuma jami'i mai hankali yana iya zagaya kasuwa cikin kayan gida ya ji farashi da kunnensa, ya rubuta ranar da wurin. Daga nan sai ya ɗora abin da ya halatta a ɗora, wato kuɗin jirgi da na kamiyo, da inshora, da kuɗin banki, da haraji idan ba a yafe shi ba, da ribar da aka amince a ba ɗan kasuwa. Ya kuma tuna cewa wanda ya sayi taya dubu ba ya biyan abin da mai sayen huɗu yake biya. Soja babban mai saye ne, kuma ya kamata yawan sayensa ya sauko masa da farashi. Abin takaici ne a ga mai tasi yana samun batir da rahusa fiye da rundunar da take sayen ɗaruruwa.

Gida na biyu shi ne kayan da ba su da kasuwa, irin na jirage da na motocin sulke da na na'urorin sadarwa. A nan babu shagon da za a shiga a tambaya, don haka sai an gina farashin daga tushe: wane ƙarfe ne, nauyinsa nawa, awa nawa aikinsa yake ci, mene ne kuɗin gwaji da takardun shaida, nawa ne ribar da hankali zai ɗauka. Ba za a dace da adadin daidai ba, amma za a san iyakar da idan aka wuce ta dole a tsaya a yi tambaya. Ana kuma iya tambayar ƙasashen da suke amfani da irin kayan. Mali da Burkina Faso suna da TB2 kamar yadda muke da shi, kuma tun da muna ƙawance da su, ban ga abin da zai hana ofisoshin saye na ƙasashen uku su riƙa nuna wa juna abin da kowa ya biya ba. Mafi muhimmanci ga wannan gida shi ne lokacin ciniki. Ranar da ake sayen jirgi ita ce ranar da mai sayarwa yake lallashi, kuma a ranar ya kamata a ɗaure shi da jerin farashin kayan gyara na shekaru masu zuwa, da ƙa'idar da za a bi idan za a ƙara, da littattafan gyara, da horar da kanikawanmu. Idan aka bari jirgin ya iso sannan aka koma neman kayan gyara, mu ne za mu koma lallashi.

Akwai tarko biyu da ƙiyasi yake yawan faɗawa ciki. Na farko shi ne dogaro da farashin bara. Jami'i ya buɗe tsohon fayil, ya ga abin da aka biya, ya ƙara ɗan wani abu saboda tsadar rayuwa, ya rubuta. Idan farashin baran da ma na cuta ne, to ya mayar da cutar ƙa'ida, kuma duk wanda zai zo bayansa a kanta zai gina. Sufeton Amurka ma ya yi wannan gargaɗi a binciken TransDigm. Tarihin farashi yana da amfani, amma sai an tabbatar cewa farashin farko an auna shi da wani abu na waje. Tarko na biyu shi ne takardun tayi guda uku. Kowa a harkar kwangila ya san yadda ake yi: mutum ɗaya ne, kamfani uku, hatimi uku, biyu su faɗi farashi mai tsanani domin na ukun ya zama shi ne mai rahusa. A takarda an yi gasa, a zahiri mutum ya yi ciniki da kansa. Maganin wannan shi ne ƙiyasin hukuma ya fito daga wani wuri dabam da bakin masu tayi, kuma a rufe shi kafin a buɗe ambulan ɗinsu.

Ba kuma ina kira ne a riƙa bin mafi araha ido rufe ba. Ƙiyasin da ya yi ƙasa fiye da kima shi ma haɗari ne, domin ɗan kwangilar da ya karɓi aiki a kan kuɗin da ba zai sayi na kamfani ba, jabu zai kawo a cikin kwalin na kamfani. A 2012 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya ba da rahoton kimanin lamura 1,800 da suka shafi kayan lantarki sama da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne a cikin kayan sojansu. Takalmin birki na jabu a motar gida asarar kuɗi ce da haɗari ga iyali ɗaya, a motar da ke ɗauke da sojoji kuwa yana iya kashe su tun ba su haɗu da abokan gaba ba. Don haka ƙiyasi nagari yana da sama yana da ƙasa, kuma tayin da ya faɗo ƙasa sosai ya cancanci tuhuma daidai da wanda ya haye sama. Sannan ranar karɓar kaya sai bakaniken soja ya buɗe kwali ya duba da hannunsa kafin a sa hannu cewa an karɓa.

Ita ma hukuma tana da nata laifin a tsadar. Ɗan kasuwar da ya san zai kai kaya yau amma baitulmali ba zai biya shi ba sai bayan watanni masu yawa, alhali bashin banki ya ci ya sayo, dole ya zuba kuɗin jiran a cikin farashi, wani ma har da abin da yake tsammanin zai kashe wajen bin takardarsa ofis-ofis. Ƴan kasuwar Maraɗi da dama masu amana suna gudun kwangilar gwamnati saboda wannan, sai filin ya rage wa masu uwa a gindin murhu, waɗanda suka san ta inda kuɗinsu zai fito. Biyan kuɗi a kan lokaci yana cikin hanyoyin saukar da farashi mafi sauri, kuma ba ya bukatar sabuwar doka.

Babbar hujjar da ake kawowa idan aka nemi bayani ita ce sirrin tsaro, kuma ba na raina ta. Ƙasar da take yaƙi ba za ta buga a jarida yawan harsasanta ko jirage nawa ne suke iya tashi ba. A watan Fabrairun 2024 hukumomin ƙasarmu sun fitar da doka da ta cire sayayyar jami'an tsaro daga ƙa'idojin bayar da kwangilar gwamnati da aka saba bi, kuma dalilin a fili yake: ana son sauri, a lokacin ƙasarmu tana cikin takunkumi, ana cikin yaƙi. Na fahimci bukatar saurin, domin motar da ta tsaya ba za ta jira wata uku ana tallan kwangila ba. Amma idan aka cire gasa da talla, ƙiyasin cikin gida shi ne shingen da ya rage, don haka yanzu ne ya fi kowane lokaci bukatar ƙarfi. Kuma ɓoye abu ga abokan gaba dabam ne da ɓoye shi ga mai bincike. Kuɗin tayar Land Cruiser ba sirrin ƙasa ba ne, duk yaron shago a garin nan ya san shi. Abin da yake sirri, kamar yawan kayan da wurin da za a kai su, ana iya ajiye shi a fayil na musamman wanda sufetocin soja da alƙalan da aka rantsar za su iya buɗewa. Hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023 domin yaƙi da masu cin dukiyar ƙasa tana bin kuɗi ne bayan sun fita, kuma ƙwato kuɗin da ya riga ya zama gida da fili aiki ne mai wuya da jinkiri. Aikinta zai yi sauƙi ƙwarai idan duk fayil ɗin da ta buɗe ta iske ƙiyasi a shafin farko.

Mutanen da za su iya wannan aiki suna nan a cikin rundunar. Kanikawan soja da masu riƙe da sito su ne suka san wace filta take ƙarewa da wuri, wane samfurin taya yake fashewa a hanyar Madarunfa, wane kaya aka yi odarsa ya cika sito babu mai nema. Sau da yawa ba a tambayarsu, sai kaya su sauko musu daga sama. Abin da nake so in gani shi ne ƙaramin ofishi na dindindin da zai haɗa waɗannan kanikawa da masu lissafi da wanda ya san harkar duwan da jigila, wanda ba ya ƙarƙashin mai sa hannu a kwangila, kuma ba a canja wa jami'insa wurin aiki don ya rubuta adadin da bai yi wa wani daɗi ba. Wannan kariya tana da muhimmanci, domin ƙaramin hafsa da ya san cewa gaskiyarsa za ta jawo masa fushin na sama zai rubuta abin da aka ce ya rubuta. Idan aka sayi kaya sama da ƙiyasi saboda gaggawa, wanda ya ba da umarnin ya rubuta dalilinsa ya sa hannu, a ajiye.

Tun da aka kafa asusun haɗin kai don ceton ƙasa a 2023, ana cire wani abu a kiran waya da tikitin mota, ƴan kasuwa da ma'aikata da ƙungiyoyin mata da manoma kuma suna kai gudummawarsu domin a ƙarfafa jami'an tsaro. Wanda ya bayar da nasa da zuciya ɗaya bai nemi a nuna masa taswirar yaƙi ba. Abin da ya dace a ba shi shi ne rahoto sau ɗaya a shekara daga sufetocin soja, wanda ba ya bayyana yawan makamai ko inda suke, amma yana faɗin kwangilar kayan gyara nawa aka duba, nawa ne daga ciki suke da ƙiyasin da aka rubuta kafin ciniki, nawa suka wuce shi, da matakin da aka ɗauka a kan waɗanda suka wuce ba tare da dalili ba.